Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Ɗaukar Hoto na Bauchi da Gombe, a Kan Dajin Yankari

Assalamu alaikum warahmatullah.

'Yan'uwana da ƙannena masu rataye da kyamara, har da ku da wayar hannu ce kyamararku, ina gaishe ku da aiki. Ni ɗaya ne daga cikinku. Da hoton biki da na suna da na fasfo na ci abinci, na kuma ciyar da iyali a garin Bauchi shekara da shekaru. Amma duk rani, da zarar ciyawa ta bushe, nakan rufe shago kwana uku ko huɗu in tafi Yankari. Wannan tafiya ba ta kawo mini ko kwabo, kuma ban taɓa dawowa ina nadamarta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani hoto ne da ɗan ƙanwata ya turo mini ta WhatsApp. Garken jakunan dawa ne suna kiwo a wani fili shimfiɗaɗɗe, can bayansu ga wani dogon dutse da ƙanƙara ta rufe kansa fari fat. A ƙarƙashin hoton an rubuta: Yankari, Jihar Bauchi, abin alfaharinmu. Yaron yana murna, yana tambayata ko na taɓa zuwa wannan gefen. Na daɗe ina kallon hoton kafin in ba shi amsa. Dutsen nan Kilimanjaro ne na Tanzaniya. Jakin dawa kuwa ba dabbar Yammacin Afirka ba ce tun asali. Waɗanda ake gani a jihar nan suna gandun Sumu ne a ƙaramar hukumar Ganjuwa, kuma daga Namibiya aka kawo su tare da raƙuman dawa a 2006. Bayan wannan na fara lura, sai na ga abin ya zama ruwan dare. Wani ya kwaso hoton zakuna goma kwance a kan dutse daga Kenya, wani ya sa kwamfuta ta ƙirƙiro masa giwa tana shan ruwa a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke cikin dajin, kusa da masu wanka, duk a liƙa musu sunan Yankari. Na san da yawa daga masu yin haka ƙaunar gida ce ta ja su. Amma ƙaunar da ta sa ka ari fuskar wata ka ce ta mahaifiyarka ce, akwai gyara a cikinta.

Ku dubi ɓarnar ta fuska biyu. Baƙon da ya taso daga Kano ko Legas da wannan hoto a ransa zai shiga dajin ya ga gwanki da gwambaza da ɓauna, ya fito yana cewa an yaudare shi, ba komai a wurin. Na gida kuwa, wanda bai taɓa zuwa ba, zai kwanta da tunanin cewa daji cike yake maƙil da namun dawa, ba abin damuwa. Wannan na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin akwai abin damuwa ƙwarai. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye kusan 350 a Yankari. Yau ƙiyasin da masu kula da dajin ke bayarwa tsakanin 100 ne da 150. Kuma wannan ɗan abin da ya rage yana cikin garke mafi girma da Najeriya ke da shi. Zaki kuwa, a duk faɗin ƙasar nan, Yankari da Kainji ne kaɗai wuraren da wani bincike da aka fitar a 2014 ya tabbatar yana nan, kuma binciken ya ƙiyasta cewa zakunan da suka saura a Yammacin Afirka gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba. Wanda ya ga zakuna goma a hoton ƙarya ba zai taɓa jin nauyin wannan lissafi ba.

Mu ne ke da kyamara, mu ne kuma ke kusa. Daga Bauchi ka kama hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka isa ƙofar dajin a Mainamaji, sannan ka yi tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai cikin daji kafin ka sauka sansanin Wikki. Na Gombe ma ta Alkaleri zai biyo, ba wani nisa ba ne. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Fiye da shekara sittin ke nan ana shigarsa. Ku shiga intanet ku nemi hotunansa na gaskiya, za ku tarar mafi yawansu hoton ɗauki-kanka ne a bakin ruwan Wikki, sai gwaggon biri a kan mota, sai allon bakin ƙofa.

Ba na raina Wikki, Allah ya sani. Ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa maki 31 a ma'aunin Celsius dare da rana, damina da rani, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ni ma nakan shiga in jiƙa jikina bayan ƙurar yini. Sai dai Wikki zauren gidan ne kawai. Masu gidan suna can ciki, wajen kogin Gaji.

Bari in ba ku labarin yadda na samu hoton giwar da ya fi kowanne daraja a wurina. A watan Maris ne, zafi ya kai inda ya kai. Kwana biyu muna fita safe da la'asar tare da jagora, ba mu ga komai na giwa ba sai kashinta da rassan da ta kakkarya. Abokan tafiyata biyu suka gaji suka koma gida. Rana ta uku da la'asar, jagoran ya sa direba ya tsaya a wata inuwa kusa da fadamar Gaji, ya ce a kashe mota. Ya sauka ya tsuguna, ya taɓa wani kashi da bayan hannunsa, ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali don ya ga inda iska ke kaɗawa. Ya dawo ya ce da ni cikin raɗa: "Malam, a yi shiru, suna nan." Muka zauna. Ƙudan tsando ya cije ni a wuya, ban iya ko kai hannu da ƙarfi ba. Zufa na gangarowa cikin idona. Na fi minti arba'in ba na jin komai sai kukan kurciya. Sannan na ji wata ƙara ƙasa-ƙasa, kamar cikin mutum na kuka amma daga nesa, sai reshe ya karye ƙwas. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne yadda halitta mai wannan girma take tafiya ba a jin takunta. Uwar garken ce ta fara fitowa, jikinta ja da ƙasar da ta watsa wa kanta, kunnenta na hagu da wata tsaga kamar an yanka da almakashi. Ta ɗaga hanci sama tana shinshinar iska. Ta daɗe a haka. Da ta gamsu, sai sauran suka biyo, har da wani ɗan ƙarami da ke tafiya a ƙarƙashin cikin uwarsa yana tuntuɓe da hancinsa. Hannuna na rawa. Na dafa kyamarar a kan ƙarfen motar, na riƙe numfashi, na danna sau huɗu kacal. Ɗaya ne ya fito yadda nake so.

Na koyi aikin nan a zamanin fim, lokacin da nadi ɗaya hoto 36 ne, kuma sai an kai an wanke kafin ka san abin da ka samu. Wannan ya koya mana jira. Ku yanzu memorinku na ɗaukar dubbai, don haka yatsa ba ya hutawa, ido kuwa ba ya samun lokacin kallo. Maharban da can, masu ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa suna kwaikwayon tafiyar tsuntsun har su kusanci gada, sun san abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba: dawa ba ta buɗe wa mai gaggawa. Iliminsu na iska da sawu da lokaci shi muke buƙata, illa mu idan mun danna, dabbar tana ci gaba da kiwonta.

Tsagar kunnen nan da na ambata ba ado ba ce a labarin. Masu binciken giwa da irin waɗannan alamu suke bambance wannan da waccan: yagewar kunne, huda, tsawon haure, karkatarsa ko karyewarsa. Ma'ana, hoton giwa mai kyau, wanda kunnuwa da haure suka fito sosai, aka kuma rubuta ranar da aka ɗauke shi, ya zama shaida. Idan mutum hamsin daga cikinmu suka riƙa ajiye irinsa kowace shekara suna miƙa wa ma'aikatan gandun, za a san wace ce ta haihu, wace ce aka daina gani. Giwa wata 22 take ɗauke da ciki, ɗa ɗaya take haifa, sannan ta yi shekaru kafin ta sake. Garken da ya ragu ba ya farfaɗowa da wuri. Kowane ɗan giwa da kyamararka ta kama labari ne babba, ya fi ƙarfin a sa masa waƙa a TikTok a wuce.

A nan ne zan roƙe ku abin da ya fi kowanne muhimmanci. Kada ku ga giwa ku sa a Facebook nan take kuna cewa ga su yanzu-yanzu a wuri kaza. Ba masoya kaɗai ke riƙe da waya ba. Tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, amma kasuwar bayan fage ba ta mutu ba, kuma ita ce ta cinye mana garken nan. Tun da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jiha a 2014 don ƙarfafa sintiri, aka kuma ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, al'amura sun gyaru, har daga watan Mayun 2015 aka yi shekaru ba a tsinci gawar giwar da aka harbe ba. An samu wannan da guminsu, wasu ma'aikatan ma da rayukansu, domin akwai waɗanda mafarauta suka kashe a bakin aiki, Allah ya jiƙansu. Bai kamata mu rushe shi da neman yabon 'yan mintuna ba. Ka kashe alamar wuri a kyamarar wayarka kafin ka shiga. Ka bari sai ka dawo gida, kwana sun shuɗe, sannan ka saki hoton, kuma ka rubuta Yankari kawai, ya isa.

Sai ladabin cikin daji. Na taɓa shiga mota ɗaya da wasu samari, muka ci karo da garken ɓauna a bakin ruwa, haske ya yi kyau, carki na kan bayansu yana cirar kaska. Ɗaya daga cikin samarin ya ga sun sunkuyar da kai, yana so su dubi kyamara, sai ya buga jikin mota yana fito. Suka ɗago, suka yi tsaye na ɗan lokaci, sannan suka ruga cikin ƙura ba su sha ruwan ba. A watan Afrilu ne, kuma wataƙila tun safe suke tafe zuwa wannan ruwa. Ya samu hotonsa, su suka koma da ƙishirwa. Na yi masa magana, ya ce ai dabba ce. Har muka dawo sansani ban sake iya ɗaga kyamara ba. Ɓauna saniyar sake ce, ba ta da makiyayi, kuma tana cikin dabbobin da suka fi hatsari idan aka matsa musu. Haka dorina, haka giwa mai ɗa. Idan jagora ya ce kada a sauka, kada a sauka. Kada a kunna filasha a fuskar dabba. Ƙananan jiragen nan masu kyamara da ake yayi a wurin biki, ku bar su a gida sai in an ba ku izini, domin ƙararsu na firgita giwa, ita da ko kukan zuma ba ta so.

Birai kuma na sansanin Wikki, mu muka lalata su. Kowa na miƙa musu biskit don ya samu hoto, yau ga shi sun koyi buɗe ƙofar ɗaki da fizge leda a hannun yara. Ku daina ba su.

Wani zai ce, to idan na je ban ga giwa ba, ban ga zaki ba, me zan ɗauka? Ni shekarun nan duka ban taɓa ɗaukar zakin Yankari ba. Na ji gurnaninsa sau ɗaya cikin dare, daga nesa, har tsigar jikina ta tashi, na kuma ɗauki sawunsa a kan yashi da safe, na ajiye murfin kyamara a gefe don a ga girmansa. Wannan hoton sawu na fi alfahari da shi a kan zakuna goman Kenya. Sannan dajin na da dabbobi masu shayarwa fiye da iri 50 da tsuntsaye fiye da iri 350. Wa ya taɓa nuna wa yaran makarantunmu gwanki sosai, da fuskarsa mai zanen baƙi da fari da ƙahonsa da ya lanƙwasa baya kamar lauje? Da yawansu sunan kawai suke ji a karin magana. Ga kanki mai doguwar fuska, ga mazo mai zanen fari da ke leƙowa daga duhuwa, ga gwambaza tsaye a fadama, ga mugun dawa yana kiwo a durƙushe kan gwiwoyinsa, wutsiya a miƙe idan ya ruga. Ga kada kwance baki buɗe a gaɓar Gaji. Ga burtu na taku cikin ciyawa kamar hakimi, ga zalɓe, ga cilakowa. Yaro ɗan Bauchi ya san raƙumin dawa da damisar Indiya daga talabijin, amma bai san kamannin kanki ba, alhali kankin na kwana a jiharsa. Wannan giɓin namu ne mu cike.

Akwai kuma sawun mutanen da suka zauna dajin kafin a keɓe shi: kogunan Marshall da aka fafe a jikin dutse, rijiyoyin Dukkey, rubuce-rubucen Tunga Dutse, da tsofaffin matoyan ƙarfe. Ku nemi jagora ya kai ku.

Kada kuma kyamararmu ta tsaya a kan iyakar daji. Wata shekara da kaka na biya wani ƙauye a gefen gandun, wani dattijo ya kai ni gonarsa. Dawa ce ta kusa isa yanka, giwaye suka shiga cikin dare ɗaya. Abin da ba su ci ba sun tattake. Ya tsaya a tsakiyar gonar riƙe da zangarniya guda da ya tsinta a ƙasa, yana kakkaɓe mata ƙasa da babban yatsansa. Ya ce da ni: "Ɗana, ku kuna zuwa kallonta, mu da ita muke kwana." Ban sami abin cewa ba. Na nemi izininsa na ɗauki hoton hannunsa da zangarniyar. Giwa ɗaya na cin abinci fiye da kilo 100 a yini, ba ta kuma san inda gandu ya ƙare gona ta fara ba. Akwai tsarin da aka ɗauki wasu mutanen ƙauyukan aikin sa ido, suna sanar da manoma da ma'aikata idan garke ya doso, ana kora shi kafin ya yi ɓarna, kuma ya taimaka. Amma wanda ya rasa abincin shekara ba zai ƙaunaci giwa don mun ce kyakkyawa ce ba. Idan muna son masu iko su ji kukan manomin Duguri ko Pali ko Mainamaji su share masa hawaye, hotonsa na gaskiya zai isa inda muryarsa ba ta isa. Ku dai nemi izini kafin ku ɗauki kowa, ku kuma koma masa da kwafi ya gani. Haka ma'aikacin da ke kwana bakwai a daji da takalmi ɗaya, shi ma a tambaye shi tukuna, domin wani ba ya son mafarauta su san fuskarsa.

Ga ƙannena masu cewa ba su da babbar kyamara mai dogon gilashi: ba na musun amfaninta, tsuntsu ba ya ɗaukuwa sosai sai da ita. Amma waya ma na aiki idan ka daina matsa hoton da yatsa har ya dagule. Bar dabbar ƙarama a cikin hoton, ka nuna ta tare da kuka ko giginya ko kan tudun da take tsaye, a ga inda take rayuwa. Fita da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ke kwance, rana kuma ta kasance a bayanka. Hazon hunturu na Disamba da Janairu yana tausasa haske, yana kuma dusashe abin da ke nesa. Maris da Afrilu sun fi zafi, amma a lokacin ne ƙishirwa ke tara dabbobi a bakin Gaji. Rufe kyamara da ƙyalle saboda ƙura, ka riƙe batir na biyu. Kuma idan ka gyara hoto, gyara haske, kada ka ƙara dabbar da ba ta wurin.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin ƙungiyoyinmu na masu hoto a Bauchi da Gombe. Mu haɗa tafiya ɗaya a rani mai zuwa, mu yi karo-karo mu ɗauki yara matasa da ba su da hali, mu dawo mu wanke hotunan manya-manya, kowanne da sunan dabbar da Hausa da ranar da aka ɗauka, mu zagaya da su makarantun firamare, mu fara da na ƙauyukan Alkaleri da ke maƙwabtaka da dajin. Duk wanda ya ga hoton aro an liƙa masa sunan Yankari, ya yi wa mai shi magana cikin mutunci, ya tura masa na gaskiya ya maye gurbinsa.

Ni in Allah ya kai mu, tsakiyar Fabrairu zan tafi, kuma motata na da wurin mutum uku. Wanda zai zo ya taho da ruwan sha isasshe da riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa ko ruwan toka. Kada ya sa shuɗi ko baƙi, su ne launin da ƙudan tsando ke bi. Za mu tashi daga Bauchi bayan sallar asuba.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a, daga Bauchi.